Garin Ɓawon Ƙwai

"Fita min daga gida! Fita!"

Auta na durƙushe tana wanke bokitin aman mahaifinta ta ji tsawarsa. Ta yar da soson, ta ruga. A ƙofar ɗaki ta yi karo da Dogo, saurayinta mai gwajin jini a asibiti, an watsa masa shayi a gaban riga.

"Me ka ce masa?"

"Gaskiya na faɗa, rabin raina. Na ce ya daina shan ƙazantar nan."

Ƙazantar tana kan tebur: gwangwani cike da garin ɓawon ƙwai, ƙarni na tashi, ƙudaje na shawagi. Tun da likita ta ce ƙashin tsohon ya fara rauni, ta rubuta masa ƙwayar kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi ɗaya a rana, shi ya mayar da ita shida, ya haɗa da bitamin D, ya ƙara garin nan, wanda shi ma kalsiyam ne, cokali uku a shayi. To, maginin da ya shekara hamsin a kan katakon gini, sau uku yana faɗowa daga bene yana tashi da ƙafarsa, wa ya isa ya koya masa?

"Jiki gini ne," haka yake cewa. "Ƙara siminti, ka ga ƙarfi!"

Dogo ya rage murya. "Auta, dubi Baba da kyau. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari kamar famfo, kwana shida ba bayan gida, ga amai. Jiya da sunan marigayiya Mama ya kira ki. Kalsiyam ne ya yi masa yawa a jini. In aka bar shi ƙoda za ta tafi, zuciya ma..."

"Ya isa haka!"

Daga ciki Baba ya ɗaga murya, harshe na harɗewa. "In kika bari mai tsotsar jinin nan ya kai ni asibiti, ba ke ba albarkata! Aure kuma ki manta!"

Ta shiga. Zarnin fitsari ya doke ta, zanin gado sharkaf. Amma abin da ya fi ba ta ƙyama, ita ce ke tara ɓawon, ita ke daka masa, wata huɗu cur, don kawai ya ce Allah ya yi mata albarka.

Ta ɗauki gwangwanin ta juye a masai, ta kora ruwa.

"Ka tsine min, Baba... amma da ranka za ka tsine. Dogo, kama ƙafafun!"

A asibiti gwaji ya tabbatar. Aka yi ta ƙarin ruwa leda bayan leda, da allurar da ke sauke kalsiyam. Likita ta duba ƙodarsa, ta bincika wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi na wuya da kan jawo ciwon, ta bincika ko ciwon daji ne. Babu ko ɗaya.

"Da hannunsa ya ɗura wa kansa," ta ce. "Ba ƙwaya, ba ɓawo. Ruwa da yawa, ya riƙa takawa, ku dawo gwaji."

Kwana huɗu bai kalli Auta ba. In ta miƙo ruwa, sai ya juya wa bango fuska. Ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Rana ta biyar kansa ya washe. Ya ga Dogo ya zaro fo daga ƙarƙashin gado, yana kawar da hanci.

"Kai! Wa ke kwashe wannan duk kwanakin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka ƙyama?"

"Wallahi ina yi. Sosai ma."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ji ɗan banza, ko kara babu! Likita ta ce abin da ke jinina ya isa ya kayar da samari biyu, ni kuwa ga ni daram!"

Sannan ya miƙa hannu, bai juyo ba.

"Auta... ba ni ruwan."

Ta miƙa masa kofin. Ya shanye tas, ya goge baki, ya harari Dogo.

"Ka turo manyanka. Amma ka wanke hannun nan da sabulu sau bakwai kafin ka matso kusa da 'yata!"