Zanen Fure

A shekarar da Sarkin Kwaranga Mahmudu ya rasu, bazara ta yi tsawon da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Kwaranga ƙaramin birni ne mai ganuwa a ƙasar Kontagora, tsakanin Bobi da Sahon Rami. Ba a lissafa shi cikin manyan garuruwa, amma yana da fada da tambari da masu zaɓen sarki, wato yana da duk abin da ke raba 'yan'uwa.

Sarkin ya bar 'ya'ya maza biyu da ake magana a kansu. Babban shi ne Ciroma Ndanusa, wanda uwarsa Banufiya ta sa masa sunan gidansu, mutum ne mai jinkirin magana. Ƙaramin shi ne Barde Shamsuddini, mai zafin nama, wanda samarin gari ke so. Masu zaɓe suka ce ba za a naɗa kowa ba sai bayan sadakar arba'in.

Barde bai iya jira ba. Don ya nuna wa masu zaɓe wane ne namiji a gidan, sai ya ɗebi mahaya ya faɗa wa gonakin Kambarin da ke zaune a kan dutsen arewa da gari, suna cikin sharar gona. Ya koro shanunsu, kuma a cikin rikicin aka kashe ɗan Sarkin Dutse. Abin da Barde bai auna ba shi ne, rafin da Kwaranga ke sha daga gindin dutsen nan yake ɓuɓɓugowa. Mutanen dutse suka toshe shi da duwatsu da laka, suka zuba maharba masu kibiyar dafi a kan kowane fa, wato falalen dutse. Doki ba ya hawa wurin. Rijiyoyin gari kuwa tuni suka koma taɓo.

Da aka fara binne yara, Galadima ya tara fada. Ana cikin musu, Magajiya Iyatu, ƙanwar marigayi, ta shigo da tukunya a rufe ta ajiye a tsakiyar zaure. Manya suka sunkuyar da kai, domin sun san abin da ke ciki.

Kakan da ya kafa Kwaranga maraya ne, wata mata 'yar dutse mai suna Fure ce ta shayar da shi. Da ya girma ya yi gari, aka ƙulla alkawari tsakanin gidansa da dutse: duk ran da jini ya shiga tsakani, ɗan gidan sarauta zai tuɓe wando da riga da hula, ya ɗaura zanen Fure, ya hau da ƙafa. Makami ba ya taɓa wanda ke cikin zanen, ko na dutse ko na gari. Amma fadar Kwaranga ta ƙara nata sharaɗi tun da daɗewa: kan da jikinsa ya ɗaura zanen mace ba a naɗa masa rawani har abada.

"Ga shi nan," in ji Magajiya. "Mu mata mun gaji da matse taɓo a cikin tsumma."

Barde ya yi dariya. "Gwaggo, ki mayar da tsummanki. Ɗan Mahmudu ba ya zuwa gaban maƙiyi da ɗaurin ƙirji. A ba ni mahaya, in buɗe rafin da mashi."

"Mashinka ne ya toshe shi," in ji ta.

Ndanusa ya dubi tukunyar. Ya san Galadima da Liman suna bayansa, ya san in ya yi shiru kwanaki kaɗan rawanin nasa ne. Ya kuma san abin da ya gani da safen nan a ƙofar gidansa: wani maƙeri ya wuce da gawar 'yarsa a cikin tabarma, bai ko tsaya ya gaishe shi ba.

"Gwaggo," ya ce, "buɗe tukunyar."

Galadima ya kama masa hannun riga. "Ranka ya daɗe, ka san abin da kake sayarwa? Ni da bakina zan hana ka rawani, ko da ina kuka."

"Na sani, Galadima. Ka hana ni a garin da ke da mutane, ya fi ka naɗa ni a kan makabarta."

Barde ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya don na waje su ji. "Ku shaida, fada ta shaida! Daga yau Mahmudu ɗa namiji ɗaya ya bari. Wannan yayata ce. Duk wanda ya kira ta namiji ya zage ni."

Washegari da hantsi Magajiya ta ɗaura masa zanen da hannunta. Saƙi ne baƙi mai ratsin fari, ya yi laushi don tsufa, yana warin hayaƙi. Ta ja shi har ƙarƙashin hammatarsa ta soke bakin a ƙirji, yadda mata ke yi. Da ya ɗaga ƙafa zai yi irin takun da ya saba, zanen ya riƙe shi har ya kusa faɗuwa.

"Gajeren taku, ɗana," in ji ta. "Mu haka muke zuwa ko'ina, kuma muna isa."

Daga ƙofar fada zuwa ƙofar arewa ba nisa, amma Ndanusa ya ce daga baya bai taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Mutanen da suka saba durƙusa masa suka tsaya a tsaye. Wani daga cikin samarin Barde ya yi guɗa da muryar mata, wani ya ce, "Amarya, a sauka lafiya!" Aka fashe da dariya. Matan da ke layi a bakin busasshiyar rijiya su kaɗai ba su yi dariya ba. Iska tana shiga masa tsakanin ƙafafu, yana jin kansa tsirara, hannunsa na ta komawa kafaɗa wurin da ratayen takobi ya saba zama.

Hanyar idon ruwan tana bi ta wani matsatsi tsakanin manyan duwatsu biyu, inda doki ɗaya kawai ke iya wucewa. Da ya shiga, ya ji ana jan tsarkiyar baka a samansa. Bai ɗaga kai ba. Sai wata murya ta yi kira da yaren mutanen dutse, aka amsa daga fa zuwa fa, ya ji ana ajiye bakuna a kan dutse.

Bayan matsatsin akwai fili, a nan idon ruwan yake, an danne shi. Sarkin Dutse ya sauko da dattawansa hannu wofi, kamar yadda alkawari ya ce. Ndanusa ya dube su, ya sake dubawa. Kowannensu zane ne a jikinsa, baƙi mai ratsin fari, an ƙulle shi a kafaɗar hagu.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi magana da Hausa mai nauyi. "Wa ya ɗaura maka shi haka?"

"Gwaggona, Baba."

"Kun manta." Ya matso, ya kwance zanen, ya zagaya shi ta ƙarƙashin hammatar dama ya ƙulle a kafaɗa. "Wannan tufar masu yanke maganar jini ce. Yaro ba ya sa ta. Fure ta ba kakanka ne don ya zauna cikin dattawa. Me ya sa kake rawar jiki, kamar wanda aka kama da sata?"

Ndanusa ya dubi ƙullin da ke kafaɗarsa. Ya ce, "A garinmu, wanda ya ɗaura shi ya daina zama namiji."

Dattawan suka dubi juna. Wani ya tambaya, da gaske yake tambaya, "To a wando kuke ajiye shi?"

Ba wanda ya yi dariya, domin akwai gawa a tsakani. Aka zauna. Sarkin Dutse ya faɗi sharuɗɗansa: a mayar da shanu, a miƙa dokin da aka hau aka kashe ɗansa, kuma Ndanusa ya zauna a ƙofar uwar mamacin ya karɓi gaisuwa a matsayin ɗa har makoki ya ƙare. Ndanusa ya amsa duka. Tsohon ya ɗaga hannu zai ba da umarnin a ɗauke duwatsun, sai aka ji haniniyar doki daga bakin matsatsin.

Nan take Ndanusa ya gane. Barde ya bar shi ya wuce gaba ne don maharba su ajiye bakuna, dattawa su sauko fili inda doki ke iya kai musu. A saman duwatsu aka fara guje-guje ana neman makamai. Sarkin Dutse ya dube shi da idon da ya fi zagi ciwo.

"Ashe tarko ka ɗauro."

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ka hana su harbi. Ka ba ni gwargwadon lokacin da zan isa bakin can."

"In doki ɗaya ya shigo filin nan, ba sauran Fure tsakaninmu."

Ndanusa ya juya. Ya yi taku kaɗan sai ya tsaya, ya kai hannu kafaɗa ya kwance ƙullin da tsohon ya yi masa. Da hannunsa ya saukar da zanen, ya ja shi ƙarƙashin hammata ya soke a ƙirji, ɗaurin mata, yadda ya fito da shi daga gari. Sannan ya shiga matsatsin ya tsaya a inda ya fi ƙunci, ya dafa dutse da kowane hannu.

Madawaki Nuraddini ne a gaba, abokin kaciyarsa. Barde yana biye da shi, a bayansa kuma marokinsa da kalangu, wanda ya taho da shi don ya rera nasara.

"Ciroma, kauce," in ji Madawaki, bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ba Ciroma a nan, Madawaki. Ai kana cikin fada jiya."

Barde ya daka tsawa daga baya. "Ture ta ka wuce!"

Madawaki ya dubi zanen, ya dubi mashin da ke hannunsa. Sai ya sauka, ya ja dokinsa ya manne da dutse. "Ranka ya daɗe, ga hanya. Ni ban taɓa ture mace ba."

Barde ya zaburo har numfashin dokinsa na dukan fuskar wansa. Ya saita mashi a daidai inda bakin zanen ya soke.

"Ba na son jininka. Matsa."

"Kai ka tara shaidu, ƙanena," in ji Ndanusa, muryarsa ba ta tashi ba. "Ka ce ni yayarka ce, ka ce duk wanda ya kira ni namiji ya zage ka. To ga ni. Soki yayarka. Ga marokinka nan ka taho da shi, ya ga da idonsa, ya kai wa masu zaɓe waƙar Barden da ya fito yaƙi ya fara da mace marar makami."

Tsinin mashin ya taɓa saƙin. Ndanusa ya ji sanyinsa ta cikin zare, a samansa kuma ya ji tsarkiyoyi sun sake miƙewa. Barde ya waiwaya. Mahayansa duk sun sunkuyar da kai, marokin ya rungume kalangunsa kamar mai ɓoye shi. In ya ce namiji ne a gabansa, ya ƙaryata kansa a gaban fada, ya kuma mayar wa wansa da haƙƙin rawani. In ya ce mace ce, hannunsa ya ɗauru. Daga bisani ya ɗaga mashin, ya tofa yawu a ƙasa, kuma da yake matsatsin bai isa a juya doki ba, da baya da baya ya fita, mutanensa na kallo.

Sarkin Dutse ya sa aka ɗauke duwatsun. Kafin la'asar ruwa ya iso Kwaranga, ja wur da laka, mata suka tare shi da ƙore tun daga bakin ganuwa. Ndanusa bai gani ba, yana zaune a ƙofar uwar mamacin a kan dutse.

Bayan sadakar arba'in masu zaɓe suka zauna. Galadima ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, kuma an ce ya yi kukan. Aka naɗa Shamsuddini. Ndanusa ya zo cikin riga da wando ya durƙusa ya yi mubaya'a, fadawa na ƙunshe dariya, kuma har ya mutu akwai masu kiransa Fure a bayan idonsa. Amma mutanen dutse sun sa sabon sharaɗi: ba za su ƙara yin magana da kowa daga Kwaranga ba sai shi. Kowace bazara sai ya ɗaura zanen ya hau, kowace bazara ruwa ya sauko.

Shamsuddini ya daɗe a kan gado, ya yi yaƙe-yaƙe, sunansa na cikin jerin sarakunan garin. Na wansa ba ya ciki. Masu ba da labari sun ce ran da Ndanusa ya rasu, mutanen dutse suka sauko jana'iza, sannan suka tambayi wa zai gaje shi. Fadawa suka ba sarki shawara ya ba da ɗan da ya fi raina. Shamsuddini, wanda a lokacin ya tsufa, ya sa aka kawo tukunyar, ya fito da zanen, ya daɗe yana shafa wurin da tsinin mashinsa ya ja zare, sannan ya kira babban ɗansa, wanda kowa ya ɗauka shi ne magaji.

"Rawani ko wanne daga cikin ƙannenka zai iya ɗauka," ya ce. "Wannan ne ban san wanda zai iya ba sai kai."

Haka labarin ya zo mana. A yau, in hoton namiji da siket ya faɗo cikin waya a wata majalisa a Kontagora, akan yi ta dariya da tsaki, kowa na da tabbacin ya san inda mazantaka take. Mutanen Kwaranga ma suna da wannan tabbacin. Da shi suka hana mutum sarauta, kuma da shi ɗin ne mutumin ya tsare musu ruwan da suka sha suka rayu har suka ci gaba da yi masa dariya. Mulki Allah ke bayarwa ga wanda ya so, ya kuma ɗora wa wani nauyin da ba a buga masa tambari. Wanda ya fi a cikin biyun, ƙanen ya sani, amma sai da ya tsufa.