Abin da Ke Zuƙe Batirin Farar Mota

Insifekta bai gama zama a kujerarsa ba Saje ya shigo da rahoton. An tare farar motar wani kamfanin rarraba magunguna a bayan gari, an kwashe kayan tas, direban kuma yana kwance a gefen titi, babu rai.

Da suka isa wurin, Insifekta ya tsaya a kan gawar direban. Dattijo ne mai furfura, an sare shi a ka, hannunsa na dama har yanzu a dunƙule da makullin motar. Da alama ƙin sakinsa ya yi.

Mai kamfanin, wadda ma'aikata ke kira Hajiya, ta karɓe su a ofishinta idanunta jajur. Ta ce ba wannan ne karon farko da aka tare motar ba, amma ba a taɓa kashe kowa ba. Tun bayan fashin farko ta daina faɗa wa kowa hanyar da za a bi. Sai motar ta fita daga harabar take kiran direba ta sanar da shi.

"To ta yaya suke sanin inda za su tare ta?"

"Abin da ke hana ni barci ke nan, ranka ya daɗe."

Ta ƙara da cewa Baba Direba, wato mamacin, ya daina tuƙin nesa saboda shekaru. Motar ta Dogo ce, matashin direbanta. Ranar ce kawai Dogo bai zo ba, sai Baba ya ce kada asibitoci su zauna jiran magani, ya karɓi makulli.

Aka kawo Dogo. Ya rantse cewa matarsa ce ke naƙuda. Saje ya je gidan, ya tarar da matar tana shanya wanki, babu ciki babu alamarsa. Da aka matsa masa, sai Dogo ya fashe da kuka, ya ce ganawar neman aiki ya je wani kamfani, yana tsoron Hajiya ta ji. Aka bincika, aka tarar gaskiya ne. Insifekta ya sallame shi, ransa a jagule.

A sito ya sami ɗan mamacin, wanda shi ne mai kula da kayan kamfanin, kowa na kiransa Sitokifa. Yana zaune a kan kwali, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce da safen ranar an aike shi reshen kamfanin, bai ma san mahaifinsa ne ya fita da motar ba sai da aka kira shi. Insifekta ya yi masa ta'aziyya, bai tsawaita tambaya ba.

Bayan kwana biyu aka so matsar da motar daga ƙofar ofishin 'yan sanda, ta ƙi tashi. Ko fitila ba ta kawo ba. Insifekta ya sa aka buɗe bonet, ya ga batiri sabo fil, ledarsa ma ba ta gama fita ba. Ya kira Hajiya a waya. Ta ce ai wannan tsohuwar matsala ce, in motar ta kwana biyu ba a tayar ba sai an yi mata jan wuta. Sun canza batiri ba sau ɗaya ba. Ta ce har ta sa Sitokifa ya kai ta wurin mai gyaran wayarin ɗinsu, ya dawo ya ce an duba babu komai, batiran zamani ne marasa ƙarko.

Insifekta ya aika aka ɗauko mai wayarin. Mutumin ya zagaya motar, ya girgiza kai, ya ce rabonsa da ita tun bara.

"Ka tabbata ba a kawo maka ita kan maganar batiri ba?"

"Da an kawo, yallaɓai, da ban bar ta haka ba."

Insifekta ya dubi motar. Sai ya ce a duba ta yanzu, a gabansa.

Mai wayarin ya sa cajajjen batiri, ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, suka jira motar ta yi barci kamar yadda ya ce. Ya maƙala wayoyin mitarsa ta auna wuta kafin ya ɗaga kan batirin, don kada wutar ta yanke. Mita ta nuna ana jan wuta, alhali makulli na hannun Saje.

Ya buɗe akwatin fiyus ya fara zare su ɗaya bayan ɗaya, Insifekta na riƙe da mitar. Na rediyo ya fita, lambar ba ta motsa ba. Na fitilu, na gilashi, na ham, duk haka. Aka zare na ƙarshe, mita na nan inda take.

Mai wayarin ya share zufa, ya ce ko mene ne wannan, ba ta akwatin fiyus yake shan wuta ba. Ya koma kan batirin yana laluba da yatsa, har ya taɓo wata siririyar waya da aka naɗe da baƙin salatif aka ɓoye a cikin manyan. Suka bi ta. Ta ratsa cikin motar, ta shige bayan dashbod. Da ya kwance murfin, ga wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, ƙaramar fitila na ƙyaftawa a jikinsa.

Saje ya yi salati. Mai wayarin ya ce na'urar bin sawun mota ce, da layin waya a ciki, tana faɗa wa mai ita duk inda motar take. Ya kai hannu zai fizge ta, Insifekta ya riƙe shi, ya tambaye shi me ke faruwa in an yanke mata wuta. Ya ce irin wannan nan take take aika saƙon gargaɗi zuwa wayar wanda ya dasa ta.

Da rana suka mayar da motar harabar kamfanin. Insifekta ya tara ma'aikata a ofishin Hajiya, ya ce kowa ya ɗora wayarsa a kan tebur. Sitokifa ya ajiye tasa tare da sauran. Insifekta ya leƙa taga ya ɗaga wa Saje hannu. Saje, da ke tsaye jikin motar, ya yanke wa na'urar wuta.

Wayoyin kan tebur ba wadda ta motsa. Ƙarar ta fito ne daga cikin safar Sitokifa.

Hajiya ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe. Saje ya shigo ya zaro ƙaramar wayar, saƙon na nan a fuskarta.

"Ka ce wa Hajiya ka kai motar wurin gyara," in ji Insifekta. "Me ya hana ka kai ta?"

Sitokifa ya zube a ƙasa. Ya ce wasu masu sayar da magani ta bayan fage ne suka ja shi, suka yi masa alkawarin buɗe masa kantin kansa. Shi ya dasa na'urar da hannunsa, shi ke tura musu inda motar take. Sun ce masa ba za su taɓa kowa ba, kuma Dogo ba ya gardama, da ya ga makami yake miƙa makulli.

"Ranar ma kai ka tura musu?"

"Ni na tura." Ya sunkuyar da kai. "Ina reshe ina kallon motar tana tafiya a waya, ina faɗa musu ta kusa, ta kusa. Wallahi na ɗauka Dogo ne. Ban san Baba nake nuna musu ba."

Dogo ya jingina da bango, ya rufe fuska. Hawaye kawai ke zuba a fuskar Hajiya. Insifekta ya daɗe a aikin nan, ya ga abubuwa iri-iri, amma sai da ya nemi kujera ya zauna kafin ya iya ba da umarni.

Sitokifa ya faɗi sunayen mutanen da inda suke ɓoye kayan. Saje ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban sitonsa, ma'aikata na darewa suna ba shi hanya. Kafin yamma an kamo sauran.

Saura abu ɗaya, kuma Insifekta bai yarda ya aika kowa ba. Ya je gidan mamacin da kansa. Matar Baba Direba na zaune a tsakar gida cikin 'yan'uwanta. Da ta ga kakinsa ta yunƙura ta miƙe.

"Kun kama su, ɗana?"

"Mun kama su, Mama."

"Alhamdu lillahi. Bari yaron nan ya dawo daga wurin aiki ya ji, ko zai iya cin abinci."

Insifekta ya cire hularsa, ya durƙusa a gabanta, ya roƙe ta ta koma ta zauna tukuna.