Waƙar da Ɗan Gayu Ya Turo

Ranar da keken ɗinkinta ya ƙi motsi ta fara ganin Mai Gyara. Yana durƙushe yana kwance belin, ita kuwa tana bin waƙar da ke tashi a wayarta, har da lumshe ido.

Ya ɗago yana murmushi. "Malama, kin san abin da kike rerawa kuwa?"

"Waƙar soyayya ce mana. Wanda zan aura ne ya turo min."

"Saurari baiti na biyu. Mace ce ta san yana cin amanarta, ta ji turaren wata a rigarsa, ta ce wa kanta na ofis ne."

Ta watsa masa harara. Shi da hannu duk baƙin mai, wa ya tambaye shi fassara?

Amma da ya tafi ta sake saurara, sai ta ga gaskiyarsa. Ɗan Gayu kenan, mai kife waya da zarar ta yi ƙara, mai ƙannai mata barkatai da ba a taɓa gani a gidansu ba. Mutumin da ko waƙar da zai yaudari mace da ita ba zai iya saurara har ƙarshe ba!

Mai Gyara ya riƙa leƙowa duba keken da lafiyarsa lau. Wata rana ya rubuto: "Tauraruwa, ba ni da mota, amma wayata ba ta da makulli."

Da ta kai wa Mama maganar Mai Gyara, Mama ta ce sam. "Ki bar mai mota ki bi mai sukundireba? Namiji ai sai da haƙuri."

Sai ɗiyar ta gwada Ɗan Gayu da saƙo: "Me waƙar nan take nufi?"

Amsa ta zo nan take: "Tana nufin ke kaɗai ce, zumata. Ya aikin asibitin?"

Ita da ba ta san komai ba sai allura da zare! Ta miƙa wa Mama wayar. Mama ta karanta sau biyu, ta ja tsaki, ba ta ƙara ambaton mota ba.

Ranar auren, Mama ta riƙe hannun amarya, idonta ya cicciko.

"Shekara ashirin na yi ina ƙirƙiro wa mahaifinki uzuri, har na so koya miki. Ki yafe min. Allah ya ba ku zaman gaskiya."

Mai Gyara ya sunkuyar da kai ya ce amin.