Mai Zura Zaren Ƙasa

Auta na tsaka da aiki a ɗakin ɗinkinta, wanda a gaskiya lungun falo ne aka kare da labule, sai keken wibin ɗinta ya yi wata ƙara kamar an shaƙe shi, ya ɗauke. Shi ne keken da ke datse bakin yadi ya ɗaure shi don kada ya warware. Mai gyara ya zo ya leƙa cikinsa, ya ce injin ya ƙone, kuma an daina kawo kayan irin wannan tsohon.

Rigunan yara take ɗinkawa, kuma babu uwar da za ta karɓi rigar da bakinta ke zubar da zare. Dole ta koma kalmasa da hannu, ga idanunta da ma ba ƙarfi gare su ba, tun tana ƙarama take fama da gilashi mai kauri. Aiki ya taru, masu kaya suka fara waya.

Mijinta direban motar 'yan makaranta ne, mutum ne da magana ke yi wa tsada. Da ta kai masa kuka, abin da ya ce kawai shi ne za a duba, in sha Allah. Daga nan sai ya tsiri share mata lungun ɗinki da kansa, yana tsince ƙyallaye yana turawa a leda. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, ita tana neman keke shi yana tara shara.

Ana haka Yaya ta zo, babbar yayarta, wadda tun farko ba ta so auren ba kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta zauna a bakin kujera tana kaɗa makullin mota, ta ce akwai babban keken kamfani a gidanta yana shan ƙura. Sai dai ba za a kawo shi wannan akurkin ba; Auta ta kwaso yara ta dawo can, har sai mijin ya san darajarta.

"Ki faɗa mini tsakani da Allah," in ji Yaya, "me ya taɓa tsinana miki?"

Auta ta buɗe baki ta rasa amsa. Da yamma Umma, mahaifiyarsu, ta kira ita ma, ta ce ta bi shawarar yayarta.

Ta gaya wa mijin tana hawaye, a ranta tana fatan ya hana ta, ko da faɗa ne. Shi kuwa sai ya ce, "Idan can ya fi miki sauƙi, ki je. Ba zan tsaya tsakaninki da sana'arki ba." Wannan amsa ta yi mata ciwo ƙwarai, ta haɗa kaya tana jin ashe ba ta da wani muhimmanci a wurinsa.

Keken Yaya kam keke ne, gudu kamar zai tashi da teburin. Auta ta fara rage aiki har tana murmushi, sai zaren ƙasa, wanda ke bi ta cikin cikin keken, ya tsinke. Ta buɗe murfin ta tarar da ƙugiyoyi da ƙananan ramuka cunkushe a cikin duhu. Ta ɗauki ɗan hantsaki, ta goge gilashi, ta haska da waya, amma ramin ƙarshe ya ƙi ganuwa. Ta kira Yaya, ita kuwa ta yi dariya ta ce ita ba tela ba ce, kuma abin kunya ne a ce duk shekarun nan mutum bai iya zura zare a kekensa ba.

Nan Auta ta ga gaskiya ne, ba ta taɓa zurawa ba. Kullum da safe kafin ya fita da mota, mijinta ke durƙusawa gaban tsohon keken, ya hure ƙurar yadi, ya ɗiga mai, ya duba zaren ƙasa. In ya tsinke da rana, takan kama wani aikin har ya dawo daga kai yara ya zura mata. Ta saba da abin har ta daina ganinsa, kamar ruwan da kullum take tararwa a randa. Ta kifa kai a kan keken ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta yi wa Yaya godiya, ta kwashi yaranta ta koma gida. Ta sami mijin a tabarma ya baje ƙyallayen nan, na sirara daban, na masu kauri daban, na masu talewa daban, kowanne da ɗinkin wibin a bakinsa. Ashe in ya tashi aiki shagunan masu sayar da kekuna na hannu yake bi, yana gwada kowane keke da irin yadin da take ɗinkawa. Bai tambaye ta dalilin dawowarta ba, ya dai ce ta sa mayafi su fita.

A shagon, idonta ya fara sauka kan wani sabo fari mai sheƙi, mai araha kuma. Mijin ya miƙa mata ƙyalle sirari ta gwada, keken ya tauna shi, yana rawa a kan tebur. Sai mai shagon ya janyo wani daga ƙarƙashin benci, mai zare huɗu, fentinsa ya koɗe, ya ce wannan ne maigidan ya roƙa a ajiye masa. Allurarsa irin ta kowane keke ce, wuƙarsa ana samu a ko'ina, kuma bai fi ƙarfin aljihunsu ba. Keken ya ɗinke sirari ya ɗinke mai kauri ba gardama.

Mijin ya zare zaren ƙasa gaba ɗaya, ya buɗe gaban keken, wanda ya wangale har gefe. An shafa wa hanyar kowane zare launinta, ɗigo-ɗigo manya.

"Zauna ki zura," ya ce.

Ta bi ɗigon kore daga rami zuwa rami, har zaren ya fito ta ɗaya gefen.

"Abin da ya sa na daɗe ke nan," ya ce a hankali. "Na ce ko kin zaɓi zama can, kada aikinki ya riƙa tsayawa don ba na kusa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska a gaban mai shago. "Ka yafe mini, Baban yara. An tambaye ni me ka taɓa yi mini, na yi shiru."

Da Yaya ta zo ta ga keken ta taɓe baki, ta ce yanzu a kan wannan gwanjon aka baro na kamfani? Auta ta ba ta labarin zaren ƙasa daga farko har ƙarshe. Ranar dai Yaya ta gaishe da mijin kafin ta tafi. Umma kuwa da ta ji, cewa ta yi Allah ya yi masa albarka, ya yafe musu.

Mutum kan raina alherin da ake yi masa kullum saboda ba ya zuwa da hayaniya, har sai ranar da ya nema ya rasa. Wanda Allah ya ba mai kula da shi a ɓoye, ya gode tun yana kusa, kada ya bari 'yan uwa su auna masa shi da abin hannunsa.

Washegari da safe mijin ya leƙa lungun ɗinki ya ga zaren ƙasa a tsinke, yankan almakashi sak. Ya dubi Auta, ita kuwa ta dage sai goge gilashinta take yi. Ya ajiye makullin mota, ya durƙusa gaban keken.