Ni Na Kai Benvinda Jirgin Kudu

"Sake faɗa, ban ji ba."

"Ka ji sarai, Firmino. An sayar da ni. Jirgin Alhamis zan bi."

Tana tsaye da faifan alewar kwakwa a kai, yadda uwargijiyarta Dona Eulália take aiko ta talla bakin teku kullum. Ko muryarta ba ta girgiza ba. Ni ne igiyar da nake ɗaurewa ta kuɓuce mini.

Shekarar fari ce. Shanu sun mutu a karkara, masu gidajen garinmu Fortaleza sun koma sayar da bayinsu ga gonakin kofi na kudu. Wanda ya tafi can, ko labarinsa ba ya dawowa.

"To mu gudu! Yau ɗin nan, Benvinda!"

"A'a."

"Me ya sa? Tsoro kike ji?"

"Ji shi, sarkin gudu. Ka gudu daga makarantar Fadan coci, ka gudu daga shagon kafinta, yanzu ni za ka koya wa?" Ta yi ɗan murmushi, idonta ya cika. "Abu ɗaya nake roƙo. Kai za ka kai ni jirgin. Ba na son hannun wani ya ɗaga ni."

"Ni? Da hannuna? Ke ce fa raina, Benvinda..."

"Shi ya sa."

Ta juya ta tafi tana kiran masu sayen alewa, kamar ba ta kashe ni ba.

Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓarmu. Auduga ce, fata ce, mutum ne, mu masu ɗan jirgin da ake kira jangada muke kaiwa can tsakiyar ruwa, a kan kututturan da muka haɗa da zanen iska ɗaya.

Na tarar da Baba yana ɗinkin raga a ƙofar gida.

"Baba, idan mun fita ranar Alhamis, mu miƙe gabas. Akwai masunta can da suke ɓoye mutane."

Bai ɗago ba. "Sai shugaban tashar jiragen ruwa ya ƙwace jangadar, ya rufe ni. Uwarka da ƙannenka su ci yashi?"

"Baba, ina son ta!"

"Wa ya ce ba ka so? Kowa a bakin ruwan nan ya sani, har karnuka." Ya ciji zare. "Kakanka ya yi rawa ranar da aka ce mun rabu da Fotugal, mun sami sarkinmu na kanmu a Rio. Ya mutu yana dakon mutane. Ni ma shi na gada. Ba a tambaye mu ba, Firmino."

Inna ta ajiye mini kwanon wake da garin rogo. Ta dafa kaina. Ban ci ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo ta. Ƙullin kayanta bai fi kan jariri ba. Ƙanwarta Rosaura, yarinyar da ƙirjinta bai ko tasa ba, ta riƙe mata zane tana ihu har sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Yaron dillalin bayi ya hau tare da mu, wani ƙato mai gashin baki da bindiga a ƙugu. Muna tsallake igiyar ruwa ta farko ya fara amai. Kafin mu yi nisa ya kwanta rub da ciki ya rungume benci, yana kiran uwarsa.

Benvinda ta zauna tana kallon ruwa. Ni ina kallon wuyanta.

Sai Baba ya yi tari.

"Kafaɗata ta riƙe. Zo ka karɓi tuƙi."

Kafaɗar Baba ba ta taɓa riƙewa ba. Na dube shi. Ya kau da kai, ya tsura wa gabas ido.

"Baba... su Inna fa?"

"Ni ban ce komai ba. Na ce kafaɗata."

Na karɓa. Na danne sandar tuƙi da dukan ƙarfina, zanen ya cika da iska, hancin jangada ya bar jirgin ya nufi gabas. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba!

"Firmino, me kake yi?" in ji Benvinda.

"Matata zan kai gida."

"Mayar da jangadar!"

"Ba zan mayar ba! Dubi wancan, ko sunansa bai sani ba yanzu. Mun tsira, masoyiyata, mun tsira!"

Ta rarrafo a kan jiƙaƙƙun kututturan, ta ɗora hannuwanta a kan nawa. Suna da sanyi.

"Ba ni dillalin ya zaɓa ba," ta ce a hankali. "Rosaura ya nuna. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Ni na durƙusa wa Dona Eulália, na ce na fi ƙarfi, na fi iya aiki, a ba da ni."

Ta ƙara matse hannuwana, ta ci gaba.

"Idan ban hau jirgin nan ba, ita za ta hau na gaba. Ka san abin da ake yi wa yarinya irinta a hanya."

"Ni fa? Ba ki tuna da ni ba?"

"Da kai na kwana ina tunani! Amma kai namiji ne, kana da 'yanci, kana da uwa. Ita ni kaɗai gare ta." Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe mini, Firmino. Ka taimake ni in gama abin da na fara, don ƙafafuna sun fara ƙi."

Baba ya rufe fuska da hularsa.

Tare muka juya sandar, hannunta a kan nawa.

A gindin jirgin suka sako tsanin igiya. Ruwa yana ɗaga mu yana saukewa. Na kama ƙugunta na jira igiyar ruwa ta ɗaga mu, yadda nake yi wa kowa. Ta sa bakinta a kunnena.

"Ka riƙa sayen alewar Rosaura, ko ba ta yi daɗi ba. Ba ta iya ba tukuna."

Na ɗaga ta. Wani hannu daga sama ya karɓe.

Ba ta waiwayo ba. Na san da ta waiwayo da ta faɗo.

Muka iso gaɓa. Na yi niyyar in sauka in yi ta tafiya, ko ina ne, kada in sake taɓa igiya. Amma dillali yana tsaye da sauran bayin da za a kai jirgi, shugaban tasha yana gefensa, Inna kuma tana can nesa da ƙannena suna jira.

Aka hau da wata mace, ta zauna a inda Benvinda ta zauna.

Wani saurayi ya shigo ruwa har gwiwa, ya kama mini hannu. Idonsa ja wur.

"Ɗan'uwa, don Allah ka tuƙa a hankali. Tana tsoron ruwa."

Na ce, "To."