Kumfar da Ke Idon Wilber

Nelida na durƙushe a bakin gado, tana ba mijinta kunun masara da tsinken zuƙa. Kwana biyar ke nan Wilber na kwance rub da ciki a ɗakinsu na birnin Lima da ke bakin teku, fuskarsa na kallon ƙasa.

Wata uku da suka wuce jijiya ta fashe masa a ka yana tsaka da ɗinki. Ya tsira, amma jinin ya gangaro cikin idonsa na dama, ya bar tabon da ya ɗaye fatar gani. A makon nan likita ya wanke jinin, ya sa kumfar iska a cikin idon, ya ce ya kwanta rub da ciki don ta danne fatar har ta manne.

"Ƙafafunki kawai nake gani," in ji Wilber. "Na fara son su fiye da ke."

Tana cikin dariya aka turo ƙofa. Mama Teodosia ce, mahaifiyarsa, ta sauko daga Huancayo, garinsu na kan duwatsu, da buhun dankali.

"Haɗa masa kaya, gobe za mu hau gida. Iskar dutse da romon hannuna za su tashe shi."

"Mama, likita ya ce in ya hau tudu kumfar za ta kumbura ta kashe idon. Sai ta narke tukuna, mako shida."

"Iskar da ya sha tun yana goye ce za ta makantar da shi? Ke dai ki ce kin raba ni da ɗana. Kin kife shi kamar ƙwarya!"

Nelida ta shige kicin ta sha kukanta. Da ta dawo, Wilber ya lalubo hannunta. "Masoyiya, ko mu bi ta? Uwata ce fa."

"In ka tafi zan bi ka, in ja maka sanda har tsufa. Amma ba da hannuna za a haɗa kayan nan ba."

Da safe ta tarar da surukarta na cusa ledojin biskit a jaka, don shagonta na can gida. Ta tsuguna tana taya ta.

"Mama, yaya ledojin nan suke yi in mota ta kai ƙololuwar dutsen Ticlio a hanyar gida?"

"Kumbura suke kamar tumbin saniya, wasu ma har su fa..."

Tsohuwar ta dubi ledar da ke hannunta, ta juya ta dubi Wilber. Can ta zazzage jakar, ta ɗaura zanen girki.

"Ina tukunyarki, 'yata? A nan zan yi masa romon."

Bayan mako bakwai likita ya sallame su, suka hau tudu su uku. A ƙofar gida Wilber ya rufe idon hagu ya dubi uwarsa.

"Mama, yaushe kika yi furfura haka?"

"Ku kuka sa min ita," ta ce, tana share hawaye da gefen mayafin Nelida.

Uwa da mata duk shi suke so. Haƙuri da taushin harshe suka hana son nasu cinye masa ido.