Saƙon Da Ba Nasa Ba

Ranar da 'yan kutse suka kulle kwamfutocin ɗakin gwajin jini na Baba, sakamakon marasa lafiya ya maƙale a ciki, 'yarsa Auta ce ta buɗe wa injiniyan da aka kira ƙofa. Ya dubi 'yar takardar da aka manna a jikin kwamfutarta.

"Wa ya rubuta kalmar sirri a nan?"

"Ni ce. Sai me?"

"Rubutunki da kyau. Amma yaga shi."

Cikin kwana uku ya dawo da komai. Kafin wata uku yana ce mata Tauraruwa, tana ce masa Mai Gadina.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce sam. "Wanda ya iya buɗewa ai ya iya kullewa. Manaja ya ce shi ya yi kutsen don a kira shi."

Manajan ɗakin gwajin kuwa ya daɗe da sa ido a kan Auta.

Wata safiya sai ga imel da sunan Injiniya: "Masoyiyata, turo min sabuwar kalmar sirrin ofis yanzu, kar ki faɗa wa kowa."

Ta kai wa Baba da hannunta.

"Kin gani ko?" in ji shi.

"Na gani, Baba. Dubi adireshin, an canja harafi ɗaya. Mutumin da ya hana ni faɗa wa ko shi kansa kalmar sirri ne zai roƙa? Ka kira wani masanin ya bincika. In shi ne, da bakina zan sallame shi. In ba shi ba ne, wallahi ba na auren kowa sai shi."

Baba bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya kira masanin.

Bincike ya nuna Manaja ne ya danna wani saƙon bogi na cin kyauta, ya ɓoye don kunya. Ta akwatin imel ɗinsa ɓarayin suke shiga har lokacin, su ne kuma suka turo wa Auta saƙon.

Baba ya dubi Auta ya ce, "Ki ce masa ya turo manyansa."

Ta rubuta: "Mai Gadina, Baba ya yarda."

Amsa ta zo: "Tauraruwa, bari in kira in ji muryarki. Wannan albishir ya fi ƙarfin saƙo."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun Injiniya gam. "Na zarge ka, ɗana, ka yafe min. Ga Auta nan, akwai taurin kai, amma ba ta ƙarya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."